Zakkar da Za Ta Fanso Auta

Zuwa ga ƙanena Na-Inna,

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ka da duk wanda ke kwana ƙarƙashin rufinka. Ina roƙon Allah takardar nan ta iske ka a tsaye da ƙafafunka, gwiwar nan da muka gada wurin Baba ta bar ka kana kai goshi ƙasa ba sai ka nemi kujera ba. Allah Ya ƙara wa maiɗakinka lafiya, Ya raya muku yaran, Ya tsare maka abin da Ya ba ka. Na san za ka ƙura wa rubutun nan ido kana tambayar kanka ko da gaske nawa ne, tunda rabonka da ganin hannuna tun kanmu bai yi fari ba. Nawa ne. Hannun ne ya soma rawa, shi ya sa layukan suke gangarawa. Ban kira ka a waya ba don na san halina. Harshena zai riga ni, in faɗi abin da zai sa ka kashe wayar tun ban kai ga abin da ya kawo ni ba.

Mu nan muna nan yadda Allah Ya ajiye mu. Matar yayanka hawan jininta ya ƙi sauka, ƙafafunta suna kumbura in ta daɗe a zaune, amma tana tashi ta yi 'yan aikace-aikacenta. Babbar 'yarmu ta sauka lafiya, an samu namiji, mijinta kuma yana nan yana fama da motar hayar da ta fi kwana a gareji a kan hanya. Goggo tana raye, idon ya tafi amma bakin yana nan, kullum sai ta tambaya ko ka yi ƙiba. Ni kuwa, in labari bai kai maka ba, injiniyan da ya shimfiɗa rabin bututun garin nan yau yana zaune a bakin rijiyar burtsatsen wani ɗan kasuwa, yana buɗe famfo yana rufewa, masu turin kurar ruwa suna ce masa Baba yi sauri. Fansho sai dai mu ji labarinsa a rediyo. Takardun shaidar karatuna suna cikin akwati, kuma gara ta fi duk ofishin da na kai su duba su da kyau. Amma ba don wannan na ɗauki alƙalami ba. Da don ni ne, da shirun nan za ka ci gaba da ji har ranar da za a aiko maka cewa an kai ni.

Maganar Auta ce. Ka bar ta tana 'yar mitsitsiya, tana hawa wuyanka tana cire maka hula. Ta girma, ta gama karatun jinya, ta yi ta yawon neman aiki har takalminta ya cinye. Ita ce ke ɗan yi wa mutanen unguwa allura da wankin ciwo, abin da ta samu ta sayo wa uwarta magani. Bara wani dillalin aiki, mai ofis a saman wani kantin magani, da hotunan jirage a bango da kujerun da ba a cire musu leda ba, ya ce ya samo mata aikin jinyar tsofaffi a wani asibiti a bayan teku. Ni da kaina na karanta takardar yarjejeniyar, na sa tabarau na bi ta layi-layi. Babu kuskure ko ɗaya a ciki, ƙarya ce dai aka rubuta da kyau. Tana sauka aka karɓe fasfonta a filin jirgi, aka sa ta a mota, aka kai ta gidan wata mata a hawa na sama na wani dogon bene. Babu asibiti, babu tsofaffi. Wanke-wanke ne da shara da goge-goge tun fitowar alfijir, a kulle ta ta waje in za a fita, ta kwana a ƙasan kicin kusa da injin wanki. Albashi tun na watannin farko ba ta sake gani ba.

Wata 'yar aikin maƙwabta ce ta jefo mata ƙaramar waya ta taga. Da ita take kirana da rana tsaka in matar gidan ta kwanta. Banɗaki take shiga ta buɗe famfo don kada a ji muryarta, sai in riƙa tsintar maganarta a cikin ƙarar ruwa. Na-Inna, ni da na ƙare ƙuruciyata ina kasa kunne a jikin bututu, yanzu ko a wurin aiki na buɗe famfo sai gabana ya faɗi. Ta ce ta roƙi matar ta sallame ta ta dawo gida. Matar ta yi dariya, ta ce mata, "Da kuɗina na saye ki." Ta ce in iyayenta suna son ta, su biya abin da ta biya dillali, da ƙari a kai, sai ta miƙa fasfo ta buɗe ƙofa. In ba haka ba, ta gaji da yarinya mai yawan kuka, kafin watan nan ya mutu za ta miƙa ta ga wani gida a wata ƙasar da ke gaba. Yarinyar da ta ba ta wayar ta gaya mata cewa waɗanda aka tsallakar da su can, ba a sake jin muryarsu.

Kada ka ɗauka zama na yi. Na je ofishin dillalin na tarar an cire hotunan jiragen, wani tela ya kama ɗakin. Na je wurin 'yan sanda, suka ce abin ya fi ƙarfin iyakarsu. Na je ma'aikatar da aka ce tana kula da 'yan ƙasa a waje, na zauna a benci har bayana ya ƙage, aka ce in rubuto. Na rubuto da irin Turancin da aka daina koyarwa, aka yaba rubutun, aka ce ofishin jakadancinmu na can zai taimaka in har ta kawo kanta bakin ƙofarsu. Na ce yarinyar a kulle take. Aka ce to lallai sai ta yi ƙoƙari. Na sayar da firij, na sayar da keken ɗinkin uwarta da kayan awona da na yi rantsuwa ba zan rabu da su ba. Mijin babbar ya kawo abin da ya iya. Duka aka tara bai kai ko kusa ba.

Daga nan ne na tafi wurin kwamitin zakka na masallacinmu. Wani ɗan ɗaki ne a bayan wurin alwala, buhunan hatsi a jingine har rufi, fanka tana juyi da fiffike biyu. Shugabansu mai shagon taya ne, mutum mai sanyin hali, sai ladan, sai wani matashin malami da aka ɗauko don ya riƙa duba musu hukunci. Na shiga da shirina. Ka san ni, kafin boko ya ɗauke ni na zauna gaban malamin zaure fiye da kai. Na ce musu Allah Ya ambaci mutum takwas da zakka ta halatta gare su, ni kuwa 'yata ta shiga uku. Na farko, 'yanta wuya: ga yarinya an saya, an sa mata farashi, ana shirin sayarwa gaba. Na biyu, matafiyin da guzurinsa ya yanke. Na uku, talauci, don ko tufafin jikinta ba nata ba ne.

Matashin nan bai raina ni ba, gara ma da ya raina ni in samu abin riƙewa. Cikin ladabi ya ce, a abin da suka karanta, 'yanta wuya na bawa ne na haƙiƙa, a saye shi a 'yanta. Auta kuwa 'ya ce, cinikin da aka yi a kanta ɓatacce ne tun asali, ba wanda ya mallake ta balle a 'yanta ta. Fansar wanda aka tsare kuma malamai sun saɓa, wasu sun yarda wasu sun hana, su kuwa dukiyar jama'a ce a hannunsu, ba sa taɓa ta a kan saɓani. Ka ji fa. 'Yata ba ta cancanci a 'yanta ta ba saboda 'yantacciya ce. Na ce to matafiyi fa? Ya ce matafiyi a garin da ya maƙale ake ba shi, a hannunsa, abin da zai kai shi gida, wannan kuɗin kuwa hannun azzaluma zai shiga. Na ce talaucin fa? Ya ce wannan ba musu, amma zakkar gari ta matalautan garin ce, ba a tsallake su a kai nesa alhali ga su nan a bakin ƙofa, kuma mawadatan garin da take su ne haƙƙinta yake wuyansu. Na ce mawadatan garin da take su ne suka kulle ta a kicin. Ladan ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Wato a nan an ce ta yi nisa, a can kuma ba wanda ya san akwai ta sai mai mabuɗin. Auta ba ta garin kowa.

Ban san duk abin da na faɗa musu ba. Na dai tuna na ce da buhu ce ita da tuni sun samo mata wuri a ɗakin. Na fito ina neman takalmina, idona bai gani sosai, sai na ji mai shagon taya a bayana. Ya jira har na sa ƙafa ɗaya, sannan ya ce a hankali, "Injiniya, ita ba mu da inda za mu sa ta. Kai fa?" Da farko ban gane ba. Ya ce in ni ne na cancanta, aka ba ni, ya zama nawa, ba wanda zai tambaye ni inda na kai shi, ko abinci na saya ko 'yata na fanso. Ya ce amma ba za su yi wa Allah dabara ba, sai in da gaske ni mabuƙaci ne, kuma ƙa'idarsu ce sai sun zo gida sun gani da idonsu. Na tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa ina kallonsa. Shekaru ina wuce layin nan ranar rabo, ina gaida mutanen da ke ciki da irin gaisuwar da ake yi wa mara lafiya. Ban taɓa tunanin akwai wurina a ciki ba.

Suka zo da hantsi, su uku. Matar yayanka ta share ɗaki tun da safe, ta shimfiɗa zanen gadon da take ɓoyewa don baƙi, har ta so ta aro kujeru a maƙwabta. Na ce mata ba neman aure suka zo ba, so ake su ga babu. Ta dube ni kamar na zage ta. Suka zauna a tabarma suna kallon inda firij ya bar alamarsa a siminti. Ladan ya ga littattafaina a kanta ya tambaya ko suna da daraja a kasuwa, na ce mai ƙosai ma ta ce takardar ta yi kauri. Suka tambaya ko ina da abincin shekara. Na ce ina da na jibi in mai rijiya ya biya ni gobe. Sai matashin ya yi tambayar da dole ya yi, ya ce ko akwai ɗa mai hali da ciyar da ni ta wajaba a kansa, domin wanda ɗansa ke ɗauke da shi ba a ba shi zakka. Kafin in buɗe baki matar yayanka ta amsa daga bakin ƙofa. Ta ce akwai, tana can tana wanke wa wasu banɗaki don ta ciyar da mu. Mai shagon taya ya tashi ya ɗaga murfin tukunya don cika ƙa'ida, ya mayar da sauri kamar ta ƙona shi, alhali ko wuta ba a hura ba ranar.

Sun ba ni. Na shiga layi a harabar masallaci tsakanin wani makaho da matar wani lebura da ya taɓa haƙa rami a ƙarƙashina. Ta gaishe ni da ranka ya daɗe, ta matsa don in wuce gabanta, na ce ta tsaya a wurinta. Aka kira ni da lasifika, da injiniyan da komai, aka ɗauki hotona ina riƙe da ambulan don masu bayarwa su ga inda dukiyarsu ta tafi. Na yi zaton ƙasa za ta tsage in shige. Ba ta tsage ba, kuma ban mutu ba, na dawo gida da ƙafafuna. Mutanen nan sun yi iyakar ƙoƙarinsu, har sun fifita ni a kan wasu, Allah Ya saka musu. Amma zakkar unguwar da mawadacinta mai shagon taya ne, ka san inda za ta tsaya. Har yanzu abin da ya rage ya fi abin da aka tara.

To ga abin da ya kawo ni ƙofarka. Na san kana fitar da zakka duk shekara, kuma na san lokacin fitarwarka ya kusa, Goggo ba ta ɓoye alherinka ko an roƙe ta. Ba na cewa ka ba Auta, kada malaminka na can ya tsaya inda namu ya tsaya, kwanaki su ƙare ana buɗe littattafai. Ni za ka ba. Ka tambayi duk wanda ka yarda da iliminsa: uba da uwa da ɗa da mata su ne ba a ba zakka, don ciyar da su dama wajibi ne. Ɗan'uwa kuwa ana ba shi, har an ce lada biyu ne, na sadaka da na zumunci. In ya ce maka nisa, ka ce masa an yarda a kai ta nesa in buƙatar can ta fi tsanani, ka kuma tambaye shi ko a layinsu akwai wanda za a sayar da 'yarsa kafin ƙarshen wata. In yana son shaida cewa yayanka miskini ne, mutum uku sun ɗaga murfin tukunyata, ga kuma hoto.

Ban manta abin da na faɗa maka ranar da muka rufe Inna ba, kuma na san kai ma ba ka manta ba. Na ce kwangilolin da suka yi maka arziki su ne suka sa famfunan talakawa suka bushe, na ce ko kwabonka ba zai shiga cikina ba. Ba zan yi maka ƙarya don ina cikin buƙata ba: ban janye ba. Kai ma ka ce ni mai girman kan banza ne da zai mutu da satifiket a ƙarƙashin matashi, kuma ga shi kana dab da yin gaskiya. Malamai sun ce zakka wankin dukiya ce. To ka wanke taka, ni ne magudanar da za ka zuba ruwan. Na san aikin magudana, na gina su da yawa, ba a tambayarsu ko suna so. Ba kyauta nake roƙo ba, don kyauta sai an shirya, mu kuwa ba mu shirya ba, kuma babu lokacin shiryawa. Haƙƙin da Allah Ya ajiye wa irina a cikin dukiyar irinka nake nema. Ka yi niyyarka a zuci, ba sai ka gaya mini komai ba, ba sai ka kira ni ba in ba ka so.

Na-Inna, tsoro nake ji. Ban taɓa rubuta wannan kalmar ga kowa ba. Shekaranjiya ta kira, muryarta ƙasa-ƙasa fiye da kullum. Ta ce wani mutum ya zo gidan da wata mata, aka kira ta falo, aka ce ta tsaya a tsakiya. Suka sa ta juya, suka duba tafin hannunta, suka tambayi matar gidan ko tana da ciwo, ko tana da yawan ci. Sannan ta ce, "Baba, ya ce in buɗe bakina." Na tambaye ta ko ta buɗe. Ta ce ta buɗe. Yarinyar da ta san sunan kowace jijiya a jikin mutum. Ta ce kada in gaya wa Mamanta, na ce ba zan gaya mata ba, kuma ban gaya mata ba. Uwar tana ganin maganar albashi ce kawai da fasfo. Jiya ba ta kira ba. Yau ma har na zauna rubutun nan ba ta kira ba, wayar tana kan gwiwata, ina rubutu ina dubawa. Wataƙila matar gidan ce ba ta kwanta ba. Wataƙila caji ne ya ƙare. Ina ta kawo wa kaina dalilai, kowanne na san zai iya zama gaskiya, kuma ba wanda ya hana ni sake duba wayar.

Babbar 'yarmu za ta ɗauki hoton takardar nan ta turo maka, don ba zan iya jiran mai tafiya ba. Na sa ta rantse ba za ta karanta ba, na kuma san za ta karanta, to Allah Ya ba ta ikon riƙe bakinta a gaban uwarta. Ita za ta gaya maka abin da ya rage da hanyar da za a turo. In ka ga ba za ka iya ba, ka faɗa mata da wuri, kada ka yi shiru, don in san ko akwai wata ƙofar da zan durƙusa a gabanta kafin watan ya ƙare.

Ka gaida maiɗakinka, ka ce mata har yau matar yayanka tana ambaton kirkinta lokacin jinyar Inna. Ka gaida takwarana, an ce ya fi ka tsawo, Allah Ya sa kada ya ɗauko bakin mai sunan. Ka gaida 'yan biyu da ƙanwarsu da ban taɓa gani ba. Goggo tana gaishe ka, ta ce ka rage maiƙo. Matar yayanka tana gaishe ku gaba ɗaya, ita a zatonta takardar albishirin haihuwa nake rubuta maka. Ku sa Auta a addu'a, ku kira ta da sunanta na yanka in kun ɗaga hannu, don a inda take ba mai kiranta da shi.

Ni ne yayanka, uwa ɗaya uba ɗaya,
miskini, wanda zakkarka ta halatta gare shi.